Rasuwar Ɗangiwa, Famfon Kashe Gobara na Garinmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta yi nauyin ɗauka, ni Maccido, mai kula da rumfar kashe gobara ta garinmu da ke kan hanyar Tambuwal zuwa Kebbe, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar famfonmu, wanda kowa ya fi sani da Ɗangiwa. Ya rasu ranar Alhamis da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, a bakin kududdufin bayan gari, yana tsakiyar aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san ƙarfe ne. Na tambayi liman, ya ce ana faɗin wannan kalma ga kowace irin asara, shi ya sa na faɗa.

Marigayin ba haifaffen garin nan ba ne. Ya yi ƙuruciyarsa a birni, a bayan jar motar 'yan kwana-kwana. Da aka kawo sababbi aka jingine shi a lungu. Malam Almu, ɗan garin nan da ya yi aiki tare da shi har ya yi ritaya, ya yi ta safa da marwa sai da aka ba mu shi. Sun iso tare a bayan a-kori-kura, tsofaffi biyu, kowanne da tarinsa. Da aka sauke baƙar mesarsa mai kauri, wadda yake zura wa cikin ruwa, mutane suka ce ai wannan hannun giwa ne. Sunan ya bi shi.

A lokacin na gama sakandare, sakamako bai yi kyau ba, ina yini a tashar babura ba na ɗaukar kowa, ba na gaida kowa. Malam Almu ya wuce masu baki duka ya tsaya a kaina.

"Kai da ba ka son magana, taso ka saurari wanga," in ji shi. "Mai surutu ba shi jin inji."

Na tashi. Tun daga ranar nake tare da marigayin.

Wajibi ne in faɗi halinsa, don da yawa sun ga ruwansa, kaɗan ne suka san yadda yake samo shi. A cikin cikinsa akwai farfela. Inji na juya ta, ita kuma tana watsa ruwa gefe da ƙarfi, ya bi ta mesar zane ya tafi wurin wuta. Gurbin da ruwan ya bari a tsakiya shi ke sa na kududdufi ya hau ta baƙar mesa ya maye shi. Amma farfela ba ta iya kama iska. In cikinsa fayau yake, ko ka yini kana jan igiya ba za ka ga ɗigo ba. Sai ka kwance murfin sama ka ɗura masa ruwa har ya tumbatsa, ka ɗaure tam, sannan ka tada shi. Bai taɓa ba da ruwa ba sai an fara ba shi. Ban ga laifinsa a nan ba.

A bakin baƙar mesar akwai rariyar ƙarfe, muna sa ta cikin kwando, mu ɗaura wa kwandon jarka don ya tsaya a tsakiyar ruwa. In ya nutse ƙasa ya sha laka. In ya taso sama ya sha iska. Duka biyun ciwo ne. Bawul ɗin fita kuma a hankali ake buɗe shi, a hankali ake rufewa. In ka rufe da gaggawa ruwa kan dawo ya naushe shi a ƙirji, ka ji mesa ta zabura. Mai riƙe da kan mesa yana can gaban wuta, ni ina nan bakin ruwa, ba ma jin juna. Ya ɗaga hannu in ƙara totur, ya sauke in rage. Idona ɗaya a kansa, ɗaya a kan allurar agogon famfo. Abokina Bube shi ne mai kan mesa.

Abu na ƙarshe, wanda shi ne tushen wannan sanarwa. Marigayin ba shi da tankin ruwan sanyaya jiki irin na mota. Daga ruwan da yake kai wa wuta yake gutsurar kaɗan ya zagaya kan injinsa ya sanyaya shi. Muddin yana ba da ruwa jikinsa lafiya lau. Da ruwa ya yanke masa, zazzaɓi ya kama.

Mai haƙuri ne. Ba ya cin fetur da yawa. Da safe yakan yi gardama, a ja igiya ya ce tuf, ya yi shiru, a sake ja ya ce tuf-tuf, ya yi tari, sannan ya kama gurnani, gurrr, sumul, har ka ji shi a tafin ƙafarka. In ruwa ya kama, muryarsa kan sauka ƙasa ta yi kauri, kamar dattijon da ya gyara zama zai yi magana. Wannan sautin nake jira kullum. Da na ji shi na san mesar zane ta kumbura, na san Bube ya kafe ƙafa.

Ya kashe wutar layin masu tuya a kasuwa. Ya kashe ta gidan mai unguwa ranar da tukunyar biki ta kama danga. An taɓa ɗora shi a amalanke har wata ruga ta wajen Jabo, ya tsare garke daga wutar daji. Masu albasa sun sha zuwa aronsa don ban ruwan rani, da magiya, da faɗa, da aiko manya. Bai taɓa zuwa ba. Malam Almu ya ce ranar da ya tafi fadama ranar wuta za ta tashi.

Yana da uwa a garin nan. Dada Maimuna, mai daddawa, wadda ƙofar gidanta ke kallon rumfarmu. Tun mijinta na da rai take cikin gidan, yanzu ita kaɗai ce, 'yarta Zahara'u na aure a Fakku. Ba wanda ya sa ta, ita ke share rumfar kowace safiya. Ita ta ɗinka masa riga da tsofaffin buhuna don kada kaji su hau shi. In na tada shi ranar Juma'a don motsa jini, sai ta leƙo ta kan zana.

"Maccido, ɗan nan tari shika yi. Ka ba shi mai kuwa?"

"Na ba shi, Dada."

"To kai fa? Dibi wuyanka awa na zakaran da anka fige. Zo ka amshi fura."

Ita kaɗai ke zagina in ji daɗi.

Ciwon ajali gajere ne. Ranar Alhamis ana tsananin zafin bazara, iska na kaɗawa daga gabas, wuta ta tashi a tarin karan da ke bayan rumbunan unguwar yamma. A rumbunan nan geron gidaje da yawa yake, da dawar da za ta kai su damina, da irin shuka. Mu huɗu 'yan rumfa muka ɗauki marigayin a kafaɗa muka yi kududdufi da shi. Tsofaffi na cewa daga ramin nan aka ɗebi ƙasar ganuwa tun zamanin jihadi, kuma bai taɓa ƙafewa ba. Bana ya ja baya ƙwarai. Ruwan bai wuce ƙugu ba a inda ya fi zurfi.

Na jefa kwando, na ɗura masa ruwa, na ja igiya. Ranar bai yi gardama ba. Ja ɗaya ya tashi. Murya ta sauka, mesa ta kumbura, Bube ya ɗaga hannu.

Sai gudummawa ta iso. Kun san garinmu. In an yi kururuwar gobara ba mai zama, ko gurgu sai ya ja jiki. Maza da mata suka kwararo da bokiti da tulu da ƙwarya da kwanon tuwo, kowa ya faɗa cikin kududdufin, don nan ne ruwa mafi kusa. Ƙafafu suka dama laka. Ruwa ya koma kamar kunun kanwa. Na yi ihu su koma ɗaya gefen, ba wanda ya ji ni, ni da ban saba ɗaga murya ba. Wani bawan Allah ya ga kwando ya toshe da ciyawa, ya ɗaga shi sama ya kakkaɓe ya mayar, ya juyo yana yi mini murmushi. Taimako ya yi. A wannan ɗagawar marigayin ya shaƙi iska.

Muryarsa ta sauya. Ya fara ƙarara-ƙarara, kamar ana niƙa tsakuwa a cikinsa. Allura ta shiga rawa. Ruwa na zuwa yana yankewa. Na san maganin, a kashe shi, a share rariya, a sake ɗura masa ruwa, a bar shi ya huce. Na duba can na ga wuta ta cinye rumbu biyu tana lasar hular na uku, kuma daga na uku jere suke manne da juna har bakin gidaje. Hannun Bube na sama, bai sauke ba.

Ban kashe shi ba. Na ƙara totur. Da za a maimaita ranar, haka zan sake yi.

Ya ba da ruwa. Baƙi ne, rabi laka, yana fita da tari, amma ya ba da. Bube ya jiƙa hular rumbu na uku da na huɗu, ya datse wa wutar hanya, masu bokiti suka ƙarasa sauran. Fentin kan injin ya tashi ƙuraje yana hayaƙi. Da Bube ya sauke hannu, kafin in kai ga makunni, marigayin ya yi wani dogon nishi, fuuu, ya tsaya da kansa.

Har a lokacin yana da rai. Abin da yake bukata a ƙyale shi a inuwa ya huce a hankali, kada a taɓa shi. Na bar shi na ruga in naɗe mesa kada garwashi ya huda ta.

Dada tana bakin kududdufin da ƙwaryarta. Ta ga ɗanta ya yi shiru yana turiri. Duk rayuwarta, in mutum ya faɗi a gona don rana, in mace ta sume wurin haihuwa, in yaro ya shiɗe, abu guda ta ga ana yi, kuma ta ga yana tashin mutane. Ta koma gida da sauri, tsohuwa mai ciwon gwiwa, don ba ta yarda ta zuba masa ruwan laka ba. Ta ɗebo na randarta, mai sanyi, wanda take sha. Ta yi bisimilla ta sheƙa masa a ka.

Daga inda nake na ji. Ƙas. Ƙaramin sauti ne, kamar an taka busasshen kara. Shi ne kalaminsa na ƙarshe.

Ƙarfen da ya yi ja in ya gamu da ruwan sanyi farat ɗaya, tsagewa yake. Mun kai shi Tambuwal wurin Ɗanmaliki makanike. Ya kwance, ya bi tsagar da farce tun daga kan injin har cikin gangar jiki, ya goge hannu ya ce walda ba ta kama irin wannan, kuma an daina ƙera kayansa tun shi yana yaron shago. Ba zan ɓoye ba, ya ce ruwan sanyin ne ya ƙarasa shi. Ya kuma nuna mini farfela, duk ta zaizaye kamar ɓera ya ci, ya nuna mini laka cunkushe a hanyar da ruwa ke bi ya sanyaya shi.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta wannan sanarwa da tsawo, ni da ba na son tsawo.

A bakin kududdufin, gaban jama'a, Bube ya iso da gashin girarsa a ƙone, ya ga ƙwarya a hannun Dada, ya ce, "Kin kashe shi, tsohuwa! Wa yas sa ki? Mi kis sani ga inji?"

Ta dube shi, ta dubi ƙwaryar. "Suma yay yi, ɗana. Ruwa nib ba shi."

Zafin wuta ne ya yi magana a bakin Bube, na sani. Amma maganar ta riga ta fita, gari ya ɗauka. A wurin mai shayi ana cewa a ɓoye janareto in Dada za ta wuce. Wani ya ce mata a bakin rijiya ko za ta zo ta duba masa babur, ya sume. Matan da ke aikowa sayen daddawa sun koma wani gida. Waɗanda ke wannan dariya, da yawansu na gan su tsamo-tsamo cikin kududdufin ranar, suna dama laka da ƙafafunsu. Geron da suke ci yau daga rumbu na uku ya fito.

Tun ranar maganar rijiyar nan Dada ba ta sake fitowa ba. Rumfar ba a share ba. Na je na yi sallama, ta amsa daga ciki, ba ta ɗaga labule ba.

"Dada, ni ne."

"Na ji ka. Koma, Maccido. Ban da idon ganin ka."

"Ba ke kaɗai ba ce. Ni na ƙara mai wuta."

"Kai aikinka kay yi. Ni fa? Duk hayaƙin da yat tashi garin ga, ni za a duba. In wani gida ya ƙone, da wane baki nika zuwa jaje?"

Ta aika wa Zahara'u. Ranar Laraba za a zo da mota daga Fakku a kwashe ta da kayanta. Ta ce a can za ta ƙarasa, inda ba a san ta ba. Kabarin mijinta na nan. Bishiyar ɗorawar da take samun kalwa tana nan. Ta shigo garin nan amarya, ta karɓi haihuwar rabin masu yi mata dariya.

Malam Almu, da ido ya yi masa rauni yanzu, ya sa aka kawo shi rumfa ya shafa tsagar da hannunsa. Sannan ya ce, "Ku huɗu nik koya ma famfo. Gari fa, wa yak koya mai? Ko sau guda mun taɓa ce ma tsohuwar ga kada a zuba mai ruwa in ya yi zahi?"

Ba mu taɓa ba. Shekara da shekaru tana share ƙarƙashinsa.

Marigayin ya rasu ya bar baƙar mesa guda, lafiyayya, da mesar zane masu faci, da kan mesa na tagulla wanda Bube ya ƙi ya mayar rumfa, yana kwana da shi. Ya bar kwando da jarka. Ya bar rigar buhu. Ya bar Malam Almu, abokin ƙuruciyarsa. Ya bar ni, ban san inda zan riƙa zuwa da safe ba. Ya bar rumbuna a tsaye. Ya bar gari babu mai tsaronsa, ga sauran zafi a gaba, don haka kowa ya janye kara daga jikin rumbunsa, mata su kashe murhu da kyau kafin su fita. Ya bar uwa.

Game da jana'iza. Ba za a yi masa salla ba, ƙarfe ne, kada wani ya kai ƙarata wurin liman. 'Yan gwangwan da suka zo har sau biyu da sikelinsu su huta, ba za a auna shi ba. Ranar Talata da hantsi ni da Bube za mu wanke shi da kananzir, mu mayar da kowane noti inda yake, mu sa masa rigarsa. Za a ajiye shi a rumfarsa a kan dakali, tsagar tana waje inda kowa zai gani. Bayan haka Malam Almu zai zauna ya yi wa duk wanda ya zo bayanin abin da ake yi da wanda ba a yi in famfo na aiki, maza da mata, don in Allah Ya hore mana wani, kada mu sake kashe shi da taimako.

Zaman makoki kuwa ba a rumfa za a yi ba, ba kuma a gidanmu ba. Wanda ya tare ni a hanya ko a masallaci don ya yi mini gaisuwa, ya yi haƙuri, ba zan amsa ba. A gidan uwar mamaci ake karɓar gaisuwa. Za mu shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Dada Maimuna tun daga azahar ɗin Talata, maza a waje, mata su shiga ciki. Duk wanda ke da gero a unguwar yamma, duk wanda ya jiƙa ƙafarsa a kududdufi ranar Alhamis, ana sa ran ganinsa. Kowa ya ɗaga murya ya ambaci sunanta in zai yi gaisuwa, don labulen a sake yake kuma kunnenta ya yi nauyi. Bube ne zai fara. Na faɗa masa, bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai tambaye ni ƙarfe nawa.

Za mu zauna har motar Fakku ta iso ranar Laraba. Fatanmu motar ta koma da Zahara'u kaɗai.

Akwai sabuwar tabarma da zan shimfiɗa dab da bakin ƙofa. Kada kowa ya zauna a kai, ko mai unguwa ne. Tata ce, in ta fito.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya tsare garinmu daga wuta.

Sanarwa daga Maccido, a madadin rumfar kashe gobara.